Ƙirga Goma a Hannun Malam Isaiah

Litinin, 10 ga Maris, ƙarfe shida na safe

Wannan littafi domin hannun Malam Isaiah na ware shi, ba domin kaina ba. Haka aka koya mana a sashen gashin ƙashi na asibiti, inda na yi shekara ashirin da biyu ina taimaka wa ma'aikata kafin in yi ritaya: abin da ba a rubuta ba, zuciya takan ƙara masa ko ta rage. Saboda haka abin da idona ya gani kaɗai zan rubuta.

Yau kwana arba'in da ɗaya da faɗuwarsa, mako biyu kuma da fara zuwana. Ɓarin jikinsa na dama ne ya shanye. Ƙafar ta soma ɗaukarsa in ya dogara sanda. Hannun ne ya ƙi: gwiwa a lanƙwashe, manne da ƙirji, yatsu a dunƙule kamar ya kama abin da ba ya so a gani. Malama Fauziyya, wadda ke duba shi a asibiti sau biyu a mako, ta faɗa wa matarsa gaskiya. Watannin farko su ne na aiki. In aka bar hannun ba tausa, ba miƙarwa kullum a gida, jijiyoyi za su ƙage, abin da ya ƙage kuwa da wuya ya sake buɗewa.

Matarsa Eucharia, wadda muke kira Maman Lizzy, ita ta zo har Jekadafari ta buga mini ƙofa. Rumfar kwanuka gare ta a Babbar Kasuwa. Ta ce, "Mama Hilda, an ce hannunki ya san aikin nan. Ni nawa ɗaure kaya kawai ya iya."

Na ce zan yi addu'a a kai. Kwana uku ina yi. Ban ji an ce mini je ki ba, ban kuma ji an ce kada ki je ba. Na je.

Ubangiji shaida ne, ban nemi wannan aiki ba.

Laraba, 12 ga Maris, ƙarfe biyar na yamma

Daga Jekadafari zuwa gidansu a Tumfure keke biyu nake shiga. Da yake ana azumi, masu keken ba su da bakin hira da rana tsaka. Wannan ya yi mini daidai.

Ga tsarin aikin. Tawul cikin ruwan ɗumi, a naɗe hannun har tsoka ta huce. Man kaɗanya kaɗan, a narkar da shi a tafi tukuna, ba a kan fatarsa ba. A fara da kafaɗa, a murza a hankali da tushen tafin hannu, matsin yana komawa sama. Ba a jan hannun, ko da wasa, domin kafaɗar da ta shanye takan goce daga gurbinta. Sa'an nan gwiwa, sa'an nan wuyan hannu, sa'an nan yatsu ɗaya bayan ɗaya. Kowace gaɓa a miƙar da ita har inda ta yarda, a tsaya nan, a ƙirga goma, a saki. In aka yi wa tsoka ƙarfi, ƙara ɗaurewa take yi. Sai da lallashi.

Ƙirgar da yarenmu na Dadiya nake yin ta, can ƙasa-ƙasa, idona a rufe, domin yatsuna sun fi ji in ba na kallo. Haka na saba tun ina yi wa mahaifina, wanda ya yi shekara shida a kwance a ƙauye. A jikinsa na koyi aikin. Asibiti suna kawai ta ba abin da na riga na iya.

Akwai abin da ya kamata in ƙara domin cikar bayani. Ciwon ya ɗauke wa Malam Isaiah Hausa da Turanci, shi da ya yi shekara talatin yana koyar da yara da su. Abin da ya rage a bakinsa shi ne yaren ƙauyenmu. Gari ɗaya muka tashi, a gefen Bambam. Eucharia a Gombe aka haife ta, iyayenta Ibo ne, Hausarta ta fi tawa kaifi, amma ko kalma ɗaya ba ta ji a yarenmu. A duk majami'armu ma ba mai jinsa sai mu biyu.

Yau da na kai shida, shi ne ya ce bakwai.

Jumma'a, 14 ga Maris, da magariba

Babban yatsa ya ɗan saki. Ya kira ni da wani suna da ba wanda ya kira ni da shi tun da aka binne kakata. Ba zan rubuta shi ba. Ba ya cikin bayanin hannu.

Talata, 18 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Matan Zumunta na majami'armu sun zo gaishe shi, su tara. Ni ce Uwar Zumunta, amma ba wadda ta sanar da ni. Nancy, magatakardarmu, ita ce a gaba, riƙe da kular kunu.

Ƙofa a buɗe take, kamar kullum. Eucharia tana kasuwa. Rigarsa a tuɓe take, domin ba a tausa kafaɗa ta cikin riga. Idona a rufe, ban ji shigowarsu ba, ban kuma san tsawon lokacin da suka yi a tsaye ba. Ina ƙirga, yana magana, hawaye na zubo masa. Masu irin wannan ciwo hawaye ba ya yi musu wuya, kowane ma'aikacin asibiti ya san haka. Sai manuninsa ya miƙe da kansa, karo na farko, kamar zai nuna wani abu a bango.

Nancy ta saki kular.

"Haleluya! Mu'ujiza! Mama, ashe baiwa gare ki kika ɓoye mana?"

Na ce, "Nancy, nemi tsumma ki goge kunun nan kafin ya taka ya zame. Mako uku ana murza hannun nan. Ba yau ya faɗo daga sama ba."

Ta goge. Amma tana gogewa tana satar kallon gwangwanin man.

Asabar, 22 ga Maris, ƙarfe goma na safe

Mutum biyar a ƙofata tun kafin in gama karatun safe. Wata ta zo da 'yarta da ba ta haihuwa. Wani idonsa ne ke ciwo. Ɗaya ta miƙo mini kwalbar man zaitun wai in sa mata albarka.

Na ce mai ciwon wuya, ko baya, ko gwiwa, ya zauna. Sauran ga hanyar asibiti can. Mace ɗaya ta rage, mai suyar awara da ƙugu ya riƙe wa. Na yi mata abin da na iya, na nuna mata yadda za ta ɗaga murhunta a kan duwatsu domin ta daina sunkuyo.

Waɗanda na sallama ba su tafi da daɗin rai ba. Na gani a tafiyarsu. Sun zo neman annabiya, sun tarar da tsohuwa da tawul. Ba za su yafe mini wannan ba.

Litinin, 24 ga Maris, ƙarfe shida na yamma

Eucharia ta rufe rumfa da wuri, ta same ni ina kan yatsu. Ta zauna a bakin gado ko takalmi ba ta cire ba.

"Mama Hilda, ki koya mini mana. In kin tafi haka nake zama ina kallon hannun nan kamar baƙon da ban san yarensa ba."

Na ce aikin yana son haƙuri, hannun 'yan kasuwa kuwa sauri gare shi, in ta matsa inda bai kamata ba za ta ɓata aikin wata guda. Gaskiya na faɗa. Ana iya ɓata shi.

Sai Malam Isaiah ya yi magana, doguwa, yana kallona.

Ta ce, "Me ya ce?"

"Ruwa yake so."

Ta tashi ta ɗebo, ta kai masa baki, ya kau da kai. Ta ajiye kofin a hankali.

"Kai, yaren nan naku da wahala yake. Ruwa kawai sai an yi wa'azin Lahadi?"

Ta yi dariya. Ni ban yi ba.

Na yi ƙarya yau, da misalin ƙarfe huɗu. Na rubuta domin kada gobe in ce ban tuna ba.

Alhamis, 27 ga Maris, da azahar

An kawo mini takarda. Dattawan ikilisiya suna son ganina jibi. Cikin kwana tara mu'ujizar Nancy ta canja suna.

Asabar, 29 ga Maris, ƙarfe huɗu na yamma

Mutum shida a bayan tebur, ni ɗaya a kan kujerar 'yan makarantar Lahadi, irin wadda gwiwa ke neman taɓa haɓa. Fasto ya buɗe da addu'a. Dattijo Fredrick ne mai magana, wanda na yi wa tausar baya wata uku a shekarar da ya faɗo daga babur. Ban tuna masa ba.

Ya ce, "'Yar'uwa Hilda, an ce kina shafa mai, kina rufe ido, kina faɗin kalmomin da ba wanda ya sani. An saurara da kyau, ba a ji sunan Yesu a ciki ba ko sau ɗaya. To, da sunan wa kike yi?"

Na ce, "Baba, ƙirga nake yi. Ɗaya zuwa goma, da yaren uwata. In kuna so, in ƙirga muku yanzu."

Wani daga gefe ya yi tari domin ya ɓoye dariya. Na ɗauka an gama.

"Madalla. Amma Nancy ta ce yana amsa miki, yana kuka. Ƙirga ba ta sa dattijo kuka. Me yake cewa? Fassara mana mu tashi, kowa yana da abin yi."

"Maganar majinyaci amana ce, Baba."

"Ko a gaban ikilisiya?"

"Ba ikilisiya ce ta tuɓe riga a gabana ba."

Bai kamata in faɗe shi haka ba. Ban kuwa janye ba.

Abu uku suka yanke. In daina zuwa Tumfure. In tsaya a gaban jama'a in ce na tuba daga surkulle. Kafin in yi waɗannan ina ƙarƙashin horo: bencin baya, ba cin Jibin Ubangiji, makullin akwatin Zumunta kuma ya koma hannun Nancy.

Makullin na ajiye musu a kan tebur nan take. Na ce sauran biyun ba nawa ba ne balle in bayar. Hannun na Malam Isaiah ne, zunubin kuwa ban yi shi ba.

Ban nemi wannan aiki ba.

Lahadi, 30 ga Maris, bayan sujada

Shekara ashirin da ɗaya ina zama a layi na biyu. Daga bencin baya ana ganin ƙeyar kowa, ana kuma ganin masu barci lokacin wa'azi. Sun fi yadda nake zato yawa.

Na rera waƙa da ƙarfi fiye da kullum domin kada a ce kunya ta kama ni. Wannan ma girman kai ne, na sani. Na rera duk da haka.

Litinin, 31 ga Maris, ƙarfe tara na safe

Jiya aka yi Sallah. Maƙwabciyata Hajiya Su'ad ta kawo mini abincin Sallah da kanta, tana ɗingishi.

"Hilda, an ce mutanenku sun ɗauke ki daga gaba sun mai da ke baya?"

"Haka ne, Hajiya."

"To, ni gwiwata ba ruwanta da benci. Ɗora ruwan."

Na ɗora. Na je Tumfure da azahar. Manuni da ɗan tsakiya suna miƙewa rabi.

Talata, 1 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Na yanke shawarar zama kwana huɗu ban je ba. Ba domin dattawa ba. Su ban ba su ko kwana ɗaya ba. Zuciyata nake so in gwada. In aikin ne ke kai ni, hannun zan riƙa tunawa. In wani abu ne, zan gane shi ta irin zafin da zai yi mini.

Laraba, 2 ga Afrilu, da yamma

Ban je ba.

Alhamis, 3 ga Afrilu, da yamma

Ban je ba. Na buɗe akwatin ƙarfe ina neman wani abu, na tarar da atamfar neman aurena a ƙasa, a ninke yadda aka kawo ta. Almakashi bai taɓa ta ba. Shekara ashirin da tara. Na rufe akwatin, na manta abin da na je nema.

Jumma'a, 4 ga Afrilu, ƙarfe bakwai na yamma

Tun daga zaure na ji muryarta.

"Mama Hilda! Fito, na san kina ciki!"

Na fito. Eucharia ce, ɗankwali a karkace, gumi har wuya.

"Dattawan nan kowa hannu biyu gare shi, kowa yana cin tuwo da nasa. Nawa mijin fa? Ni na kira ki ko Fredrick? In Fredrick ne ya biyo rana har Jekadafari ya buga miki ƙofa, to, shi zai sallame ki. In ni ce, ɗauko gwangwaninki."

Na ɗauko.

Hannun ya koma. Gwiwa ta sake mannewa da ƙirji. Yatsun sun dunƙule har farce ya yi sawu a tafi. Ta ce ta gwada buɗe su, ya yi ƙara, ta ji tsoro ta bari. Kwana biyu bai ci abin kirki ba. Sai da na sake ruwan tawul sau uku kafin babban yatsa ya yarda da ni.

Yanzu ga abin da nake jin tsoron rubutawa, zan kuwa rubuta. Da na ga hannun ya koma, kafin tausayi ya iso, wani abu ya riga shi. Daɗi ne. Ƙaramin daɗi mai ɗumi, yana cewa: ashe in ba ni ba, ba ya buɗewa. Bai wuce ƙiftawar ido ba. Amma na gan shi, Ubangiji ma ya gan shi.

Na bar hannun mutum ya ƙage kwana huɗu domin in auna zuciyata, kamar shi ne ma'aunin. Dattawa sun tuhume ni da abin da ban yi ba, sun bar wannan, domin ba su san inda za su duba ba.

Asabar, 5 ga Afrilu, ƙarfe shida na safe

Na koma baya na karanta. Sau biyu na rubuta cewa ban nemi wannan aiki ba. Gaskiya ne, ban nema ba. Amma da ya zo, ban yarda kowa ya taɓa shi ba. Na ce ina rubuta tsarin aikin domin cikar bayani, alhali matar da ya kamata ta san tsarin tana zaune a bakin gado na ce hannunta sauri gare shi.

Litinin, 7 ga Afrilu, ƙarfe shida na yamma

Na ce wa Eucharia ta bar rumfa yau. Kafin mu shiga ɗakin na tsai da ita a gindin darbejiyar tsakar gida.

"Maman Lizzy, ranar nan ba ruwa ya nema ba."

"Na sani. Mijina in yana son ruwa kofi yake kallo, ba mace ba."

"Wani lokaci kansa yakan koma wata shekara. Yakan tambaye ni ko Baba ya sami sauƙi. Yakan ce kada in damu, zai jira."

"Ya jira?"

"Shekara biyu."

"Baban naki ya yi nawa?"

"Shida."

Ta kwance zaninta ta sake ɗaurawa, ta daɗe tana gyara bakin. Sa'an nan ta dube ni.

"Mama Hilda, kafin ya kai kaya gidanmu ya gaya mini akwai wata Hilda. Masu tausa nawa ne a Gombe? Kin ɗauka ɓatan hanya ne ya kai ni Jekadafari? Hannun da ba zai yi masa aikin ganin ido ba nake nema, na kuwa samu. Amma ki ji ni da kyau. Mijina ne. In zai tashi, a hannuna zai tashi. Koya mini, har da wa'azin ruwan."

Da jikinta na fara, domin wanda bai ji matsin a tsokarsa ba, ba zai san nauyinsa ba. Na zaunar da ita a kujera, na ɗora hannu a kafaɗarta. Dutse. Shekara ashirin da wani abu tana ɗaga buhunan kwanuka, mako goma tana ɗaga miji daga gado zuwa bayi, ba wanda ya tambayi kafaɗar nan ko lafiya, har ni da nake ganinta kullum. Na murza gindin wuyan, na bi ta bayan allon kafaɗa. Can sai ta ce, "Wayyo, Mama, ashe haka ake ji? Shi ya sa yake kuka. A kira mini Nancy ta zo ta gani."

Sa'an nan muka je wurinsa. Na ɗora tafinta a kafaɗarsa, na ɗora nawa a kan nata. Na ce ta rufe ido. Ta ce ita ba ta taɓa rufe ido a kan kaya ba. Na ce wannan ba kaya ba ne. Ta rufe.

Ƙirgar ce ta fi ba ta wahala. Na gwada yi da Hausa domin in sauƙaƙa mata, sai ya ruɗe, ya ɗaure jiki. Dole da yarenmu, domin da shi yake bin mu, in yana bi kuwa tsokar takan manta da tsoro. Ba a taɓa koya mini rubuta yaren ba, saboda haka baki da baki muka yi. Huɗu a bakinta ya fito kamar tana kiran akuya. Malam Isaiah ya yi dariya da rabin baki, karo na farko tun faɗuwarsa, ya gyara mata. Ta maimaita. Ya sake gyara mata. Malami ne har yanzu.

Alhamis, 10 ga Afrilu, da magariba

Sauri take yi, kamar yadda na faɗa. Gomanta bakwai ce. Na buge mata bayan hannu. Ta ce, "Da a kasuwa ne, Mama, da kin ji abin da ba a faɗa a Zumunta." Ta sake, ta kai goma cif.

Yatsu huɗu suna buɗewa. Ya riƙe murfin gwangwani har ƙirga biyar.

Litinin, 14 ga Afrilu, ƙarfe biyar na yamma

Yau a kujera na zauna, hannuwana a kan cinya, ban taɓa shi ba. Sun yi ta ƙaiƙayi. Na bar su su yi.

Tana kan wuyan hannu sai ya kira sunan nan da kakata ke kirana da shi, sau ɗaya. Ban amsa ba. Eucharia ce ta amsa, ido a rufe: "Na'am, ga ni." Ya juyo ya dube ta, ya daɗe yana dubanta. Sa'an nan ya ce, "Sannu." Da Hausa.

Ba ta buɗe ido ba. Ta ci gaba daga shida.

Malama Fauziyya ta duba aikinta a asibiti ta ce ya yi. Na bar mata gwangwanin. Daga yau ba zan koma Tumfure ba, sai in ita ta kira ni. A keke na biyu mai keken ya tambaye ni ko ƙura ce ta shiga mini ido. Na ce ya dubi hanyarsa.

Alhamis, 17 ga Afrilu, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Dattijo Fredrick ya zo da kansa. Na shimfiɗa masa tabarma, ya ce kujera ta fi. Na lura da yadda ya zauna, a karkace, hannu ɗaya a ƙugu.

"Na ji kin daina zuwa."

"Ba domin ku ba, Baba."

"Ko domin wa ne, rabin magana ta ƙare. Sauran kalma uku ce, 'yar'uwa. Ki ce: na yi kuskure. Shi ke nan. Ba sai kin ambaci surkulle ba, mun bar wannan. Ki faɗa ranar Lahadi kafin sujada, ki ci Jibi tare da mu ranar tashin Ubangiji. Ni kaina ba na jin daɗin ganinki can baya."

Na yarda gaskiya yake faɗa. Ba mugun mutum ba ne.

Na ce, "Kuskure kam na yi, Baba, babba ma, wanda ba ya cikin takardarku. Na kai shi inda ya kamata, gaban Ubangiji da gaban matar gidan. Amma in na tsaya na faɗi kalmomin nan uku, abin da Nancy ta faɗa shi jama'a za su ji. Daga ranar duk macen da ke murza wa uwarta ƙafa za ta riƙa ɓoye man kaɗanya in ta ji sallama. Ƙarya ɗaya na yi cikin watan nan biyu. Ta ishe ni."

Ya yi ajiyar zuciya. Ya yunƙura zai tashi, sai da ya dafa bango.

"Bayan nan ya dawo, Baba?"

"Ya dawo."

"Tawul da ruwan ɗumi. Ka turo mini uwargidanka in nuna mata sauran."

Ya ce a gaida gida, alhali ni kaɗai ce a gidan.

Jumma'a, 18 ga Afrilu, ƙarfe uku na rana

Shekara talatin da takwas ban taɓa rasa Jibin Ista ba. Kada in yi kamar abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi. Na tambayi kaina ko taurin kai ne nake kira gaskiya. Wataƙila akwai shi a ciki. Ban iya raba su ba, ban kuwa iya faɗin kalmomin ba.

Lahadi, 20 ga Afrilu, ƙarfe biyu na rana

Ana waƙa ta biyu suka shigo. Sanda a hagunsa, Eucharia a damansa. Ba ta ja hannun ba, ta tallafe gwiwar daga ƙasa yadda na nuna mata. Mai tsaron ƙofa ya ruga zai kai su gaba. Ta ce, "Bar mu nan, ɗan'uwa, nan ma Allah yana ji." Suka zauna a bencina, ita a tsakiya.

Da aka zo Jibi, Dattijo Fredrick ne ya biyo layinmu da faranti. Malam Isaiah ya ɗaga hagu. Eucharia ta danne ta a kan cinyarsa. Ya dube ta, ya dubi ƙananan kofunan. Sa'an nan na dama ya rabu da ƙirji, a hankali, yana rawa. Yatsun suka buɗe. Suka kama.

Ta fara ƙirga, ba ƙasa-ƙasa ba, yadda take kiran ciniki. Mutanen layi uku suka waiwayo, Nancy na cikinsu. Huɗun nata har yanzu bai gyaru ba. Ni ban buɗe baki ba. A takwas kofin ya kai leɓensa. Kaɗan ya zube a farar rigarsa, sauran ya shiga.

Dattijo Fredrick ya matso gabana, ya tsaya da farantin fiye da yadda ya kamata. Ban san abin da yake jira ba, wataƙila shi ma bai sani ba. Na bar hannuwana a kan cinya. Ba zan ɗauki abin da aka hana ni a ɓoye ba, ba kuwa zan saye shi da kalma uku ba. Ya wuce.

Ga bayanin hannu, wanda domin sa na ware littafin nan. Kwana tamanin da biyu. Babban yatsa, manuni da ɗan tsakiya: sun kama, sun riƙe har takwas, sun saki da kansu. Ba hannuna ne ya kai shi ba.

Gobe ƙarfe bakwai Hajiya Su'ad za ta kawo gwiwarta, ƙarfe tara kuma matar Dattijo Fredrick ta aiko cewa tana tafe. Ƙofa a buɗe za ta kasance. Zan rufe ido, zan ƙirga da yaren uwata, da ƙarfi. Mai son sanin da sunan wa nake yi, ya shigo ya riƙe mini tawul.